Ranar da Ittup Ya Zama Kiritikal

A cinikin shigar da 'yarta makarantar nas, Taresamma ta yi asarar agwagi biyu, da nonon ayaba guda, da takardar neman shiga ɗaya, da kusan rabin mutuncin gidan marigayi mijinta a farfajiyar coci. Abin da ta samu shi ne gurbin karatu ga Shaini, da ƙanin miji wanda har yau in ya hango ta a hanya sai ya tuna ya manta wani abu a gida. A ganinta ba a cuce ta ba. Masu sayar da kifi a kasuwar Pala kuwa sun sani, in Taresamma ta ce ba a cuce ta ba, to wani aka cuta.

Abin ya faro ne daga takarda. Shaini ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta hau bas ta je Kottayam ta karɓo takardar shiga makarantar jinya ta sistocin coci. Suna, shekaru, sunan uba, duk ta cike a zama ɗaya. A shafin ƙarshe sai ga tambayoyi biyu da Turanci, kowace an bar mata rabin shafi. Ranar Litinin da sha biyun rana ake rufe karɓa. In ta wuce sai baɗi, kuma Taresamma ba ta da wata shekara da za ta ba kowa kyauta. Gidaje bakwai ne a layinsu, shida kowanne na da nas a ƙasar waje, na bakwan shi ne nata, shi ne kuma kaɗai wanda rufinsa ke yoyo.

Taresamma ta iya rubuta sunanta, ta iya karanta lambar bas, ba kuma a taɓa yi mata wayo a kan sikeli ba. Turanci ne dai ba su taɓa gaisawa ba. Shi ya sa ranar Laraba, da Ittup ƙanin mijinta ya leƙo ta katanga ya ga uwa da 'ya sun tasa takarda a gaba, ba ta kore shi ba kamar yadda ta saba.

Shekara goma sha ɗaya Ittup ya yi a wani asibiti a Maskat. Kullum a shagon shayi yana faɗin cewa ba likitan da ke hawa ko sauka a asibitin nan sai da izininsa. Gaskiya ya faɗa, don shi ne mai danna lif.

"Cedatti," in ji shi, don haka yake kiran matar yayansa, "wannan aikin masana ne. Ki ba ni agwagi huɗu, in rubuta abin da sistocin nan za su karanta a tsaye."

"Ɗaya."

"Uku. Iliminmu ya yi tsada yanzu."

"Biyu, kuma ni zan zaɓa."

Ta zaɓo masa gurguwa da wadda ta daina ƙwai. Ya gyara tabarau, ya zaro alƙalamin tawada daga aljihu, ya ce a karanto ta farko.

Shaini ta karanta, ta fassara wa uwarta: suna tambayar waɗanne halaye mutum ya riƙe da daraja, kamar gaskiya da tausayi.

"Mu gani." Ittup ya ɗora yatsa a kan kalmar Turancin, 'values'. "Balu! Ke 'yar nan, jirgi nawa kika taɓa shiga?"

"Ban taɓa ba, Uppappa," in ji Shaini, don haka take kiran baffanta.

"To ni duk saukar da na yi a filin jirgi, ma'aikacin kwastan sai ya ɗaga kayana ya ce, 'Balu?' Tausayin rediyona yake tambaya? Ƙimar abu ke nan. So suke su san gidan da kika fito yana da nauyi ko iska ce."

Wannan bayani ya kwanta wa Taresamma, don ita ma da ita ce sista abin da za ta fara tambaya ke nan. Ittup ya soma rubutu. Sarƙar zinariya ɗaya. Awarwaro biyu. Saniya ɗaya.

"Tana da ciki," in ji Taresamma. "Rubuta ɗaya da rabi."

Ya rubuta. Sai aka zo kan itatuwan roba.

"Arba'in," in ji ta.

"Talatin da takwas."

"Ka ƙirga mini su ne?"

"Biyun nan na bakin iyaka, Cedatti, kowa ya san a gefena suke."

"Inuwarsu ce a gefenka. Rubuta arba'in."

"Ba zan sa ƙarya a takardar sistoci ba."

Ta kama takardar ta gefe ɗaya, ya riƙe ta ɗaya gefen. Takardar makaranta ba a yi ta don rabon gado ba. Ta rabu biyu, kwalbar tawada ta bi ta kan rabin da ya fi girma.

Washegari Shaini ta koma Kottayam. Sistar da ke ofis ta ba ta wata, ta dube ta ta saman tabarau ta ce babu ta uku. Kafin bas ya iso gida Shaini ta tsara amsar tambaya ta farko a ranta, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta rubuta abinta. Ta biyun ce ta tsaya mata a wuya.

"Me suke so kuma?" in ji uwar, wadda Shaini ke kira Ammaci.

"Wai in ba da labarin wani lokaci da na yi amfani da tunani kiritikal. Malamarmu ta ce shi ne kada ka yarda da abu sai ka auna shi da kanka. To ni Ammaci, me na taɓa aunawa? Abin da aka ce in yi shi nake yi. Kuma sun ce labarin ya zama na gaskiya, ranar ganawa za su bi diddigi."

Daga bayan katanga aka yi tari. Ittup ne, ya zagayo ba tare da an gayyace shi ba.

"Kiritikal! Yanzu aka zo gidana. Shekara goma sha ɗaya ina kai kiritikal hawa na huɗu. Kiritikal shi ne mutumin da ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga, ɗayar tana neman takalmi. Tambayar ita ce, kin taɓa yin tunani a kan wanda ke gargara har ya dawo?"

"Ba haka malamarmu ta ce ba."

"Malamarku ta taɓa tura gadon marar lafiya? Makarantar nas ce fa, ba ta lauyoyi ba."

Taresamma ta dubi 'yarta, ta dubi Ittup. Ɗaya ta ce ba ta san abin da za ta rubuta ba, ɗayan ya ce ya sani. Kuma an riga an biya shi.

"To ina za mu samo mai gargara kafin Litinin?" ta tambaya.

Ranar Juma'a suka ɗauki nonon ayaba suka nufi gidan tsoho Warid, wanda ya cika casa'in da huɗu. Suka tarar da shi a baranda yana fere rogo da wuƙa.

"Baba, yaya ƙarfin jiki?" in ji Ittup da murya irin ta ta'aziyya.

"Garau."

"Ba ka ɗan jin nauyi a ƙirji? Ko duhu-duhu a ido?"

"Ina ganinka sarai. Ka ƙara tumbi."

"An ce jiya ba ka ci abincin rana ba."

"Surukata ce ta ƙona kifin. Na ci a maƙwabta."

Ittup ya kama wuyan hannunsa, ya rufe ido, yana motsa leɓe kamar mai ƙirga.

"Hannunka rawa yake, yaro," in ji Warid. "Ka rage giyar kwakwa."

"Baba, ko nan da Lahadi ba ka jin alamar wani abu? Ko ɗan kaɗan?"

Surukar tsohon tana kicin tana jin komai. Ta fito da tsintsiya a hannu tana tambaya wane ne ya aiko su auna filin gidan tun mai shi yana numfashi. Ittup ya fara bayani da Turanci, tsintsiya ta amsa masa da yaren gida. Taresamma ta juya don ta ɗauke ayabarta, ta tarar tsoho ya ɗora ta a cinya, ya ɓare ta uku, yana yi mata godiya da cikakken baki. Ita da ba ta taɓa barin ko ƙwayar barkono a kasuwa ba, haka ta fito hannu wofi.

Asabar da safe ta tarar da Ittup a garke yana zagaya saniyarta.

"Cedatti, takardar ba ta ce dole sai mutum ba. In aka ba ta ɗanyen ganyen rogo da yawa, cikinta zai kumbura, sai Shaini ta..."

"Ka taɓa saniyar nan, kai ne za ka zama kiritikal."

Ittup ya tsaya cak. Fuskarsa ta yi haske kamar an kunna fitila.

"Cedatti! Ashe ke ma kina da ƙwaƙwalwa!"

Ya ja ta gefe ya shimfiɗa mata shiri. Gobe Lahadi ce ranar bikin waliyyin cocinsu. Da an fito daga addu'a, mutum ɗari uku na tsaye a farfajiya, Fada limamin cocin na bakin ƙofa, zai yanke jiki ya faɗi kusa da gicciyen dutse. Shaini za ta sheƙo a guje, ta yayyafa masa ruwa, ta danna ƙirjinsa, shi kuma ya buɗe ido ya kira sunanta. Shaidu ɗari uku, har da mai farar riga.

"Kada ki gaya mata," in ji shi. "In ta sani ya zama ƙarya. In ba ta sani ba, tsoronta na gaske ne, ƙasar da zan faɗa ma ta gaske ce."

"In an taɓa ka aka ji jikinka lafiya fa?"

"Albasa. A sa a hammata, jiki ya ɗau zafi. Da ita na tsere wa jarrabawa biyu."

"An gani," in ji Taresamma.

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce a'a ba. Ta biya kaya, tana so ta ga an buɗe su.

Lahadi ta zo da makaɗa, da manyan lemomi masu geza, da ƙamshin naman kaza da ake rabawa. Taresamma ta riƙe hannun Shaini ta tsayar da ita daidai inda aka ce. Can sai ga Ittup cikin sabon farin zani irin na mazan garin da riga mai guga. Ya jingina lemarsa a jikin gicciye. Ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu. Ya sauke tawul daga kafaɗa ya shimfiɗa a ƙasa, ya miƙe masa kusurwa da ƙafa. Sannan ya dafe ƙirji, ya yi ƙara, ya kwanta a kai a hankali, ya fara da gwiwa.

Abu ɗaya ne ya manta, kuma abu ne da ko kajin garin sun sani: bikin coci shi ke dawo da 'yan ƙasar waje da na manyan birane gida. Kafin ƙararsa ta gama sauka, mata goma sha huɗu, dukansu nas, sun miƙa wa mazajensu jakunkuna. Uku daga Kuwait, huɗu daga Dublin, biyu daga Jamus, sauran daga Delhi da Bombay. Suka rufe shi ruf, ko ƙafarsa ba a hangowa.

Shaini ta zabura, ta yi taku uku, sai ta tsaya. Ta juya ta faɗa wa wani mai babur mai ƙafa uku magana, ta dawo ta leƙa ta tsakanin kafaɗun matan.

"Je ki mana!" Taresamma ta tura ta. "Kutsa! Baffanki ne!"

"Ammaci, ba abin da ya same shi."

A tsakiyar da'irar, Molikutti ce ke ba da umarni, wata ƙaƙƙarfar mata da ta shekara ashirin a ɗakin masu gargara na gaske a Kuwait.

"A ba shi iska. A buɗe rigar."

Aka ɓalle maɓallai, aka ɗaga hannunsa. Wani abu ya faɗo, ya gangara kan matakala, tsalle ɗaya, biyu, uku, ya tsaya a ƙafar mai babbar ganga. Kiɗa ya tsaya.

"Albasa," in ji ta Dublin.

Aka ɗaga ɗaya hannun.

"Biyu," in ji ta Jamus.

Molikutti ta riƙe wuyan hannunsa na ɗan lokaci. Ta dubi sauran. Sauran suka dube ta. Babu wadda ta yi ko murmushi.

"Abin ya yi tsanani," in ji ta da ƙarfi. "Sai an zura bututu ta hanci har ciki."

"Ba mu da na mutane," in ji ta Delhi. "Amma likitan dabbobi na nan, na ga jakarsa."

"A kawo. A haɗo da allurar."

Daga ƙasa, ido a rufe, wata siririyar murya ta fito. "Shaini... a kira Shaini..."

"Yana kiran dangi," in ji Molikutti. "Alamar ƙarshe ke nan. Fada!"

Fada ya matso da kwalbar man da ake shafa wa mai gargara. Shi ma ya ga albasar. Ya durƙusa ya ce, "Ɗana Ittup, lokaci ya ƙure, ba damar keɓewa. Faɗi zunubanka a nan, ka ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Mutum ɗari uku suka matso taku ɗaya. Mai shagon shayi ya ce a yi shiru, akwai zunubin da yake so ya ji.

Tawul ɗin nan kuwa a kan hanyar jajayen tururuwa aka shimfiɗa shi. Marar lafiya ya jure na wuya, ya jure na baya. Ya ɗan buɗe ido ɗaya don ya ga ko Shaini ta iso, sai ya ga likitan dabbobi yana warware bututu mai tsawon hannu biyu. Nan take Allah ya ba shi lafiya. Ya miƙe zumbur, ya keta tsakanin Dublin da Bombay, ya nufi ƙofa. Zaninsa bai bi shi ba, don gefensa na ƙarƙashin gwiwar Molikutti. Mai ganga, da ya ga mutum na gudu da gajeren wando, ya ga bai kamata a bar shi ba kiɗa ba.

Taresamma ta tsaya ƙyam, ta ɗaga kai sama, tana kallon rufin coci kamar an ba ta kwangilar gyara shi.

A kan benci kusa da su akwai wata tsohuwa, Sista Filomina, wadda ta shekara talatin tana koyar da nas kafin gwiwoyinta su ajiye ta. Ta taɓa Shaini da sandarta.

"Ke, ba ƙanin ubanki ba ne? Me ya hana ki ruga?"

"Sista, na ga ya jingina lema. Ya cire tabarau. Ya shimfiɗa tawul. Wanda zuciya ta kama ba ya tsayawa gyaran kusurwa. Kuma da ya kwanta, leɓensa ja ne, yana korar ƙuda da yatsa."

"In kuma kin yi kuskure fa? Mutum na iya yin wasa, abin ya zama gaske."

"Shi ya sa na ce wa mai babur ya juya ya tsaya a bakin ƙofa, kada ya kashe inji. Sannan na ƙirga numfashinsa daga nan. Goma sha shida a minti, da agogon coci. Ga nas goma sha huɗu a kansa, in na kutsa iska kawai zan tare."

Tsohuwar ta ce, "Na ji an ce kina neman makarantar jinya. Har yanzu suna yin tambayar nan ta tunani?"

"Ita ce ta gagare ni, Sista."

"Ta gagare ki? Yanzu kika gama amsa ta. Je ki rubuta yadda kika faɗa mini, kada ki ƙara gishiri."

Taresamma ta sauko da kanta daga rufin coci. "Sista, wato abin da ake nema ɗin a cikin gidana yake tun Laraba?"

"A cikin gidanki yake."

Taresamma ta kama hannun Shaini suka nufi gida.

Kafin la'asar Shaini ta rubuta a takardar gwaji, ta cika rabin shafi cif. Saura a kwafe a ta gaske. Labari kuwa ya riga ya tsallaka katanga. Sai ga Ittup ya ɓullo ta cikin itatuwan roba, ya rufe kai da tawul, wuyansa duk cizon tururuwa.

"Cedatti, an ce sunana na ciki."

"Sau huɗu. Na sa ta nuna mini da yatsa."

"Sistocin Kottayam za su karanta! Su ajiye a fayil! Ni da nake neman kujera a kwamitin coci!"

"Sun ce labari ya zama na gaskiya."

"Ammaci," in ji Shaini daga ɗaki, "ana iya cire suna, labarin bai zama ƙarya ba."

"Wa ya sa da ke? Manya na magana." Taresamma ta jawo kujera ta zauna, ta gyara zani kamar yadda take yi a gaban mai kifi. "Karanto mini kayan da suka ce ɗaliba ta zo da su."

Shaini ta juya bayan takardar. "Fararen takalma. Zanin gado biyu. Akwati. Agogon hannu mai sandar daƙiƙa, don ƙirga bugun jini."

Idon Taresamma ya sauka a wuyan hannun Ittup. Ittup ya mayar da hannun baya.

"Wannan daraktan asibiti ne ya ba ni da kansa!"

"To ya saba da aikin. Agogon, da akwatin nan naka mai taya, da fankar ɗakinka."

"Fanka? A wannan zafin? Cedatti, ki ji tsoron Allah. Akwati kawai. Kuma a rubuta 'wani dattijo mai mutunci'."

"Shaini, kwafe yadda yake. Ki ƙara masa sunan gida."

"Tsaya! Akwati da agogo. Amma aro."

"Ki sa har da gajeren wandon, da launinsa."

"Kyauta! Kyauta na ce! Amma a bar mini fanka, kuma a sa 'dattijo'."

Taresamma ta miƙa hannu. Ya kwance agogon a hankali, ya ɗora mata a tafi. Ta kai shi kunne ta saurara, ta juya bayansa ta duba, ta ga sandar na tafiya.

"Na bar maka fankar," in ji ta. "Agogo, da akwati, kuma ranar tafiya kai za ka ja shi har tashar bas, ta tsakiyar kasuwa. A kan wannan za a rubuta 'wani mutum'. 'Dattijo' kam ba ka da abin sayensa."